Ƙaramin Injin Tabain A Madadin Janareta: Tarihinsa Da Abin Da Ya Kamata Mu Sani A Minna

Kwanakin nan matasanmu sun yi ta turo mana bidiyon wani ɗan inji da bai wuce filas ɗin shayi girma ba, yana kuka irin na jirgin sama, masu tallarsa suna cewa shi zai raba mutane da janareta. Maganar ta yi nisa har wasu sun kawo shawarar a yi karo-karo a sayo irinsa babba kaɗan, a gwada shi a layin masu walda da masu niƙa, tunda ga bututun gas yana ratsa jiharmu. Kuɗin karo-karo gumin talaka ne, kuma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fito. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan inji tukuna, domin burin ƙanƙanta shi ya girmi da yawa daga cikinmu, kuma waɗanda suka fi mu kuɗi da kayan aiki sun riga sun gwada.

Ba mu zargi mai wannan tunani ba. Mu 'yan jihar Neja mun fi kowa sanin ma'anar ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Madatsar Kainji ta 1968, ta Jebba ta 1985, ta Shiroro ta 1990, ga kuma ta Zungeru da aka kammala a 2023, in aka haɗa ƙarfinsu a takarda ya haura megawat 2,600. Duk da haka tela a Tunga da mai sayar da ƙanƙara a Kpakungu da mai aski a Bosso, kowa da janaretansa a bakin shago. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban abin da ke cinye ribar ƙananan sana'o'i. Wanda ke cikin wannan hali dole ya kasa kunne ga duk wanda ya ce ya zo da mafita.

MENE NE INJIN TABAIN?

Mu fara warware wani ruɗani. A bakinmu man gas shi ne dizil, iskar gas kuma ita ce ta girki ko wadda ake haƙowa a Neja Dalta. Da Turawa suka sa kalmar gas a sunan wannan inji, zazzafar iskar da ke juya farfelarsa suke nufi. Abin da yake sha kuwa zai iya zama iskar gas ko kananzir ko dizil.

Aikinsa kashi uku ne. Farfela ta gaba tana zuƙo iska ta matse ta. Iskar ta shiga murhu, a fesa mata mai, wuta ta kama tana ci ba tsayawa. Sai zazzafar iskar ta fito da ƙarfi ta bugi farfela ta baya, wadda ke kan sanda ɗaya da ta gaba. Babu fiston mai hawa da sauka kamar na mota. Ɗan'uwa ne ga injinan da ke Shiroro, sai dai su ruwan kogin Kaduna ke juya su.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mu riƙe, domin duk tarihin a kansa ya rataya: fiye da rabin ƙarfin da farfelar baya ta samar, farfelar gaba ce ke cinye shi wajen matse iska. Ragowar ita ce ribar mai inji. In ɓarna ta ƙaru kaɗan a gaba, ta ƙaru kaɗan a baya, sai ribar ta ƙare ƙaf, injin ya rinƙa shan mai yana juya kansa kawai.

DAGA TAKARDA ZUWA TASHAR WUTA

Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Barber ya yi rajistar wannan fasaha tun 1791, amma ƙarfen zamaninsa ba ya jure irin zafin da ake buƙata. Sai a 1903 wani injiniya ɗan ƙasar Nowe, Aegidius Elling, ya ƙera wanda ya samar da ƙarfi fiye da abin da yake cinyewa, ribar kuwa ƙarfin doki 11 ce kacal. Wanda aka gwada a birnin Paris a wajajen 1906 kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfin man da ya sha ya mayar aiki, sauran ya bi iska.

Shekarar 1939 ce ta sauya labari. A garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan kamfanin Brown Boveri ya kafa tashar wuta ta farko mai aiki da wannan inji, mai megawat 4, tana mayar da kimanin kashi 17 cikin 100 na mai zuwa lantarki, kuma ta yi aiki har 2002. A watan Agusta na shekarar ne jirgin Heinkel He 178 ya tashi a Jamus da injin da Hans von Ohain ya tsara, yayin da Frank Whittle na Ingila ya riga ya tayar da nasa injin a ƙasa tun 1937. Daga nan injin ya mamaye sararin sama da manyan tashoshin wuta.

A Najeriya ya shigo ne a shekarun 1960 ta tashar Afam kusa da Fatakwal da ta Ughelli, inda gas ke kusa. Tashar Geregu da ke kusa da Ajaokuta, wadda aka buɗe a 2007, injina uku gare ta masu megawat 414 a haɗe. A yau mafi yawan wutar da ke shiga babban layin ƙasa daga tashoshin gas take fitowa. Manyan injinan zamani su kaɗai suna kaiwa kashi 40 cikin 100, in kuma aka yi amfani da zafin hayaƙinsu aka tafasa ruwa aka juya wani injin na tururi, suna haura kashi 60. Kowa ya yarda babban tabain gwani ne. Gardamar tana kan ƙaraminsa.

DA AKA SA SHI A MOTA

Gwaji na farko na ƙanƙanta shi a mota aka yi. A 1950 kamfanin Rover na Ingila ya fito da motar JET1, wadda a 1952 ta yi gudun sama da kilomita 240 a awa a ƙasar Beljiyam. Amma lita ɗaya ba ta kai ta nesa da kilomita biyu zuwa biyu da rabi. Da za a tuƙo ta daga Minna zuwa Suleja, sai ta sha abin da ya kusa lita 50.

Kamfanin Chrysler na Amurka ya fi kowa nacewa. Tsakanin 1963 da 1964 ya ƙera motoci 55, ya ba da aron 50 ga jama'a, inda mutum 203 suka hau su bi da bi har zuwa farkon 1966. Injin yana da ƙarfin doki 130, yana juyi sama da 44,000 a minti, yana shan dizil ko kananzir har da man girki. Masu hawa sun yaba da laushin tafiya da ƙarancin gyara. Sun kuma koka da abu biyu: in ka taka totur sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya amsa, sannan a cunkoson gari yana zuƙar mai ba kaɗan ba. Kamfanin ya karɓe motocinsa ya murƙushe 46, tara suka rage, akasarinsu a gidajen tarihi. Ya ci gaba da bincike har 1979 sannan ya haƙura.

Ko a 2010 kamfanin Jaguar ya nuna motar C-X75 a baje kolin Paris da ƙananan tabain biyu masu caja batir. Da aka zo maganar ƙera ta don sayarwa sai aka koma injin fiston, a ƙarshen 2012 kuma aka soke shirin ɗungurungum.

JANARETA MAI GIRMAN FIRJI, DA INJI MAI GIRMAN MAƁALLI

Wanda ya fi kusa da abin da 'yan'uwanmu ke nema shi ne na kamfanin Capstone da ke jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a 1988, ya fara sayar da injinsa mai kilowat 30 a 1998. Girmansa kamar babban firji. Abu ɗaya ne tak ke motsi a cikinsa, yana juyi 96,000 a minti, kuma ba ya kan boris irin wanda muka sani, a kan siririyar iska yake shawagi. Ba ya buƙatar baƙin mai, ba shi da lagireto, hayaƙinsa kaɗan ne, yana kuma iya yin awa dubbai kafin a taɓa shi. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga duk wanda ya san wahalar juyen baƙin mai.

Sai dai kashi 26 cikin 100 yake mayarwa lantarki, mai kilowat 65 kashi 29, mai kilowat 200 kashi 33. Ko wannan ma sai da aka ɗora masa wani akwatin ƙarfe mai tsada wanda ke kwashe zafin hayaƙi ya ɗumama iskar da za ta shiga murhu. In babu shi, abin da ake samu bai fi kashi 15 ba. An sayar da dubbai a duniya, amma kamfanin ya shafe shekaru yana tafka asara, har a watan Satumban 2023 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi domin ya sake tsari.

Masana kuma sun gangara ƙasa da haka. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Alan Epstein na jami'ar MIT a Amurka ya jagoranci aikin ƙera tabain mai girman maɓallin riga, daga silikon, irin abin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kilo ɗaya na mai yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin waya kusan sau hamsin, don haka ko injin mai ɓarna ne zai iya fin batir amfani ga soja a daji. Rundunar sojan Amurka ta zuba kuɗi. An tsara farfelar ta yi juyi sama da miliyan ɗaya a minti, ta ba da wat 10 zuwa 20. Sun yi nasarar gwada sassan ɗaya bayan ɗaya, murhu ya kama, farfela ta juya, amma bayan sama da shekara goma ba a samu cikakken injin da ke riƙe kansa yana ba da wuta ba.

A 2007 masu bincike na jami'ar Tohoku da kamfanin IHI a Japan suka nuna nasu, mai faɗin santimita 10 da tsawon 15, farfelar gabansa milimita 16. Ya riƙe kansa da kansa a juyi 360,000 a minti. Abin alfahari ne a ɗakin bincike, amma har yau ba irinsa ke caja wayoyinmu ba.

ME YA SA ƘARAMI KE SHAN KASHI?

Dalilan ba na rashin ƙwarewa ba ne, halittar abubuwa ce haka. Na farko, gudu. Kafin farfela ta matse iska yadda ake so, sai bakinta ya yi gudun mita 400 zuwa 500 a daƙiƙa. Babbar farfelar tashar wuta tana samun haka a juyi 3,000 a minti, daidai da juyin ɗan janaretanmu na fetur. In faɗinta ya ragu da rabi, dole juyinta ya ninka. Haka ake tafiya har a kai dubu ɗaruruwa, inda ɗan rashin daidaito da ido ba ya gani ya isa ya farfasa inji.

Na biyu, zafi. Kunu a cokali ya fi kunu a tukunya saurin hucewa, saboda ƙaramin abu fatarsa ta yi wa cikinsa yawa. Ƙaramin inji yana zubar da zafinsa ta jiki, kuma da yake murhu na manne da farfelar gaba, zafin yana tsallakawa ya ɗumama iskar da ake son matsewa. Iska mai zafi kuwa ta fi wuyar matsuwa.

Na uku, yoyo. Dole a bar 'yar tazara tsakanin bakin farfela da bangon inji don kada su goga. Rabin milimita a kan fiffike mai tsawon taƙi ba komai ba ne. A kan fiffike mai milimita uku kuwa, kashi ɗaya cikin shida ne na hanyar iskar ya zama ƙofar gudu.

Na huɗu, wuta tana son lokaci. A ɗan mitsitsin murhu iska tana wucewa kafin mai ya gama ci. Manyan injina kuma ana huda fikafikansu da ƙananan hanyoyin iska masu sanyaya su, shi ya sa suke jure zafin da ya wuce na narkewar ƙarfensu. Fiffike mai girman farce ba shi da wurin wannan huji, don haka dole a rage masa wuta, ragin wuta kuma ragin riba ne.

Game da wanda ake gani a bidiyo, galibinsu injinan jiragen wasa ne da marasa matuƙi. Tura jirgi aka yi su don su yi, na 'yan mintoci, suna kwankwaɗar kananzir, kuma masu ƙera su kan nemi a duba boris ɗinsu bayan awa 25 na aiki. Mai shagon da ke kunna janareta awa takwas a rana zai cika awa 25 kafin kwana huɗu.

IN AKA KAWO SHI MINNA

Mu ɗauki na kirkin, mai kilowat 30, mu yi lissafi. Litar dizil tana ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 10 na lantarki. Janaretan dizil mai lafiya na wannan girma yana fitar da kimanin yunit 3.3 daga kowace lita, tabain kuma kimanin 2.5. In za a ja kilowat 30 na awa 10, yunit 300 ke nan: janareta zai sha kusan lita 90, tabain kusan 120. Bambancin lita 30 kullum, kowa ya buga da farashin yau. Ga shi kuɗin sayensa ya ninka na janareta sau biyu ko uku ko fiye.

Sai yanayinmu. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin tabain an auna shi ne a sanyin digiri 15. A watan Maris da Afrilu zafin Minna yana dosar digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi, injin ba ya samun abin da ya ishe shi, sai ƙarfinsa ya faɗi da sama da kashi goma cikin ɗari, daidai lokacin da kowa ke neman fanka da ruwan sanyi. Da hunturu kuma ga ƙura. Tabain yana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin abin da injin fiston ke zuƙa, ƙurar da ta tsallake matata kuwa kankare fikafikai take yi.

Nauyin aikin ma abin dubawa ne. Tabain yana son kaya daidai, ba hawa ba sauka, in an rage masa kaya ɓarnarsa ƙaruwa take yi. Injin walda da injin niƙa kuwa fizgar wuta suke yi lokaci guda su saki. Wato layin da aka ce a gwada shi ne ma ya fi rashin dacewa da shi.

Sannan wa zai gyara? Janaretan dizil in ya tsaya da safe, kafin azahar bakanike ya zo, kayan gyara suna kasuwa, in babu a Minna akwai a Kaduna ko Abuja. Tabain kuwa wutar da yake samarwa sai ta bi ta na'urorin lantarki masu sarƙaƙiya kafin ta zama irin ta gida, zuciyar injin kuma ba a buɗe ta a gindin bishiya. In ta lalace sai an jira wata daga ƙetare da kuɗin dala.

Batun gas shi ne hujja mafi ƙarfi ga masu goyon baya. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yunin 2020, ya ratsa wani yanki na jiharmu. Amma babban bututu ya wuce ta daji daban, gas ya iso ƙofar shago a Maitumbi daban. Sai an shimfiɗa ƙananan bututai, ko a rinƙa kawo shi a matse cikin tankoki. Kuma ranar da gas ɗin ya iso, janaretan fiston mai aiki da gas shi ma zai sha daga wannan araha, ga shi ya fi ƙaramin tabain tsimi.

INDA YA DACE

Kada a ce mun yi masa kuɗin goro. Ƙaramin tabain yana da gidansa. Kusan kowane jirgin fasinja da ke sauka a filayen jiragenmu yana da ɗaya a wutsiya, mai ba shi wuta da iska in yana ƙasa, domin a sama rashin nauyi ya fi tsimin mai daraja. A rijiyoyin mai, inda ake ƙona gas a banza, ɓarnarsa ba ta dami kowa ba tunda man kyauta ne. Haka wuraren da ake tara gas daga shara ko kashin dabbobi. Sai kuma masana'anta ko otal ko asibiti da ke buƙatar zafi dare da rana: in aka kama zafin hayaƙinsa aka tafasa ruwa, amfanin da ake ci daga man yana iya kaiwa kashi 80. A wajenmu, babban kamfanin shinkafa mai turara ta da busar da ita, in yana da tabbacin gas, shi ne ya cancanci ya zauna ya yi wannan lissafi.

Ga sauranmu, tarihi ya bi wata hanyar. A shekarun da ake fama da ƙanƙanta tabain, farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, batir ma ya bi sahu. A ƙauyen Rokota da ke ƙaramar hukumar Edati an buɗe ƙaramar tashar sola mai kilowat 64 a ƙarshen 2019, tana ba gidaje da shaguna wuta. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. In ƙungiya na da kuɗin karo-karo, waɗannan su ne wuraren da gani ya kori ji.

Ga ɗalibanmu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, wannan bayani ba na kashe gwiwa ba ne. Injiniyoyi da dama a duniya sun fara ne da haɗa tabain daga tsohon tobo na babbar mota, kuma ƙasar da mafi yawan wutarta daga tabain take fitowa tana buƙatar masu sanin cikinsa. A koya, a gwada, a kiyaye lafiya, domin farfela mai irin wannan gudu in ta fashe tamkar harsashi ce.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, duk wanda ya zo muku da tallar irin wannan inji, ku tambaye shi lita nawa ko gas nawa yake sha a kowane yunit, kilowat nawa zai bayar a zafin digiri 40, ina wanda ya shekara biyu yana aiki a Najeriya da za mu je mu gani da idonmu, kuma wa zai gyara shi cikin kwana nawa. In ya amsa a rubuce, sai a zauna a tattauna. In ya fara kame-kame, kowa ya riƙe kuɗinsa. Masu aikin injiniya da kanikawa da ke cikinmu, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku kafin zama na gaba.